Daga Tamar Abagayawa Zuwa Sinadaran da Suka fi Ƙaranci a Ban Ƙasa

Manufarmu a wannan ƙasida ita ce mu warware ruɗanin da ke tattare da kalmar "ƙaranci" in ana maganar sinadarai, domin mun lura ɗalibanmu masu zuwa gwajin koyarwa a makarantun Gaya da Ajingi kan haɗa abubuwa biyu mabambanta wuri guda.

Tarihin baka ya nuna cewa Abagayawa, maƙeran da suka fito daga Gaya, sun sauka gindin Dala ne wajen neman tama. Ba su sha wuyar samunta ba, domin ƙarfe shi ne na huɗu wajen yawa a ɓawon ƙasa, kimanin kashi 5 cikin 100. Zinariya kuwa ba ta wuce kashi 4 cikin biliyan ba. Duk da haka ana haƙo ta, saboda takan taru wuri guda.

A nan ne ƙaranci iri na farko yake, wato na sinadarin da ke dawwama amma bai cika taruwa ba. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne kolumbayit, wanda ke ɗauke da niyobiyam da tantalam, ake kuma samunsa tare da kuza a Jos da Riruwai ta kudancin Jihar Kano. Da fari masu haƙar kuza zubar da shi suke yi. A shekarun 1950, da aka buƙace shi wajen ƙera injin jirgin sama mai jure zafi, sai Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Tantalam ɗin nan yana cikin wayar salular da ake riƙewa a kasuwar Ajingi, ko da mai ita bai sani ba.

Iri na biyu ya fi wuyar koyarwa. Akwai sinadaran da ba sa zama, da sun samu sai su rikiɗe. Faransiyam, wanda Marguerite Perey ta gano a Faransa a 1939, rabinsa kan rikiɗe cikin minti 22. Astatin, wanda aka fara haɗawa a Kalifoniya a 1940, mafi daɗewarsa kan yi rabi cikin awa 8 da 'yan mintoci. Suna fitowa ne daga lalacewar yuraniyam, don haka babu wata mahaƙa tasu ko'ina, kuma ba wanda ya taɓa ganin curin astatin da idonsa.

A ganinmu, malamin da ya kira waɗannan duka "masu wuyar samu" ya bar ɗalibi cikin duhu. Muna ba da shawarar a kira na farko "masu ƙarancin taruwa", na biyu kuma "masu gajeren zama", a kuma fara darasin da ɗan guntun tama da aka karɓo daga maƙerar garin.