Rinin Aikin Tiyata da Lafiyar Tantanin Ido

A can ƙuryar ido akwai wani tantani wanda likitoci ke kira retina, watau shimfiɗar jijiyoyin da ke karɓar haske su aika wa ƙwaƙwalwa. Bisa fuskarsa kuma akwai wata 'yar fata garai-garai, wadda ta fi ɓawon albasa rashin kauri nesa ba kusa ba. Idan rami ya ɓullo a tsakiyar tantanin, inda gani ya fi kaifi, likita yakan ɗaye fatar nan domin ramin ya haɗe. To, yaya za a ɗaye abin da ba a gani? Dabarar ita ce a rina shi. Sai dai ƙwayoyin jijiyar da ke ƙarƙashin fatar, in sun mutu ba su sake tsirowa, saboda haka zaɓen rini ba ƙaramin al'amari ba ne.

Wanda aka fara dogara da shi shi ne koren rini mai suna indosayanin, wanda tun tuni ake auna aikin hanta da na zuciya da shi. A shekarar 2000 Kadonosono da abokan aikinsa a Japan suka bayyana cewa yana kama fatar nan sosai. Ba a jima ba, likitocin Munik ta Jamus da waɗansu suka fara ba da rahoton majinyatan da raminsu ya haɗe amma wani sashe na ganinsu ya dushe. Dalilan kuwa sun haɗu ne. Da ruwa zalla ake fara narkar da garinsa, sai gishirinsa ya gaza na ruwan jiki, ƙwayoyin su sha ruwa su kumbura. Sa'an nan idan hasken fitilar da ake zurawa cikin ido ya daɗe a kansa, yakan haifar da sinadarai masu lahani. Har ila yau, burbushinsa kan yi watanni bai fita ba.

Shuɗin tiripan ya fi shi sauƙin illa. Sunansa ya samo asali daga ƙwayar cutar barci da sammoren shanu, domin an taɓa gwada shi a kanta. Tun 1999 ake amfani da shi wajen aikin yanar ido, amma kamunsa ga fatar da muke magana a kai rarrauna ne.

A 2006 Enaida da jama'arsa a Jami'ar Kiyushu suka gabatar da shuɗin biriliyan, wanda ke kama fatar da kyau ko da an tsarma shi zuwa kashi 0.025 cikin ɗari, gwaje-gwaje kuma suka nuna ya fi koren tausasa wa ƙwayoyin. A ganina shi ya fi dacewa, ko da yake bai tsira daga sakacin ɗan Adam ba: a 2012 majinyata da dama a Amurka sun kamu da cutar fumfuna a cikin ido, saboda wani kantin haɗa magunguna ya gurɓata shi. Hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta amince da wani nau'insa na masana'anta a 2019.