Na'urorin Ajiye Motoci: Hanyar Rage Ƙarancin Fili a Manyan Birane

A manyan biranen da farashin fili ya yi tashin gwauron zabi, wurin ajiye mota ya zama abin da ke ci wa 'yan kasuwa da hukumomi tuwo a ƙwarya. Mota ɗaya kan ci fili kimanin murabba'in mita 12, amma idan aka haɗa da hanyar shiga da fita da wurin juyawa, filin kan ninka. Wannan ne ya sa wasu ƙasashe suka koma ga na'urorin da ke ɗaga motoci suna jera su a bene.

Yadda tsarin yake shi ne, direba zai tsayar da motarsa a kan faranti na ƙarfe, ya kashe ta, ya fita. Daga nan injin zai ɗauke ta, ya kai ta gurbin da babu kowa. Da yake ba a buƙatar gangara ko matakala ko sararin buɗe ƙofa, ginin kan ɗauki motoci da yawa fiye da gareji irin na da. Akwai kuma ƙaramin samfuri mai juyawa, wanda kan jera motoci takwas zuwa goma sha biyu a filin da motoci biyu ke ci a ƙasa.

Dabarar ta daɗe. Tun a 1905 aka gina gareji mai lifta a birnin Paris na ƙasar Faransa. Amma ƙasar Japan ce ta fi kowa rungumar tsarin, musamman bayan dokar 1962 wadda ta wajabta wa mai sayen mota nuna shaidar wurin da zai ajiye ta. A birnin Wolfsburg na Jamus kuwa, kamfanin Volkswagen ya buɗe hasumiyoyi biyu a shekarar 2000, kowace tana ɗaukar sababbin motoci 400 da ke jiran masu su.

Sai dai tsarin yana da nasa wahalhalun. Kafa shi na cin kuɗi, kula da shi na buƙatar ƙwararru da kayan gyara, kuma idan jama'a suka tashi daga aiki lokaci guda, layi kan yi tsawo domin injin ɗaya-ɗaya yake sauko da motoci. A 2006, saɓani tsakanin hukumar birnin Hoboken ta Amurka da kamfanin da ke kula da kwamfutar garejinta ya sa motocin jama'a suka maƙale a ciki.

A Nijeriya, wuraren kasuwanci kamar Marina da Balogun a tsibirin Legas suna fama da irin wannan cunkoso, inda ajiye motoci a gefen titi ke toshe hanya. Babban abin dubawa a nan shi ne wutar lantarki, domin da zarar ta ɗauke, motar da ke sama ba ta da hanyar saukowa sai da janareta.

Saboda haka, mai niyyar zuba jari a wannan fanni sai ya auna kuɗin fili da kuɗin injin, da na mai, da na gyara. Inda fili ke da arha, gareji na ƙasa ya fi riba. Inda ya yi tsada kuwa, hawa sama kan biya kuɗinsa.