Inshorar Lafiya da Jiyyar Raunin Matasa a Yankin Funtuwa da Malumfashi

Bahaushe ya ce lafiya uwar jiki. Ba inda gaskiyar wannan magana ta fi fitowa fili kamar yankin Funtuwa da Malumfashi, inda noman masara da auduga da dawa ya rataya a wuyan matasa. Su ne ke huɗa da shanu, su ne ke tura masara a injin sussuka, su ne kuma ke ɗaukar kaya a kan babur zuwa kasuwar Dandume ko Bakori. Saboda haka su ne karaya da sara da cizon kububuwa suka fi samu. Wannan maƙala za ta duba yadda inshorar lafiya ta gwamnati ke shafar jiyyarsu.

Inshora dai tamkar adashi ce ko gayya, watau kowa ya zuba kaɗan yana da lafiya, wanda larura ta faɗa wa a yi masa magani daga asusun. An kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa da dokar soja ta 1999, ya fara aiki a 2005, amma galibin waɗanda ya rufa wa asiri ma'aikatan gwamnati ne, tare da matar aure ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. A nan gizo ke saƙar. Da zarar yaro ya cika 18 ya fita daga inuwar mahaifinsa, in ba ɗalibi ba ne a babbar makarantar da ke cikin shirin ɗalibai. Ɗan manomi kuwa tun fil azal bai shiga inuwar ba. A Amurka, dokar 2010 ta ba matashi damar zama a inshorar iyayensa har shekara 26.

Rauni ba ya sallama, kuma sau da yawa yakan zo da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗi sun tafi ga taki. Idan saurayi ya karye, aka kai shi Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi, sai an biya kuɗin hoto da magani. In abin ya yi tsanani a tura shi Asibitin Koyarwa na Shika ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Mai kati yakan tafi nan da nan. Maras kati kuwa sai an sayar da akuya ko an jinginar da gona, ko kuma a nufi wurin mai ɗori. Masu ɗori suna da basirarsu, amma karayar da ƙashi ya huda fata, ko wadda aka ɗaure tamau jini ya tsaya, tana iya ruɓewa har a yanke ƙafa.

Dokoki ba su yi shiru ba. Dokar Lafiya ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai larurar gaggawa, ta kuma ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya na farko. Dokar 2017 ta wajabta jiyyar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, abin da ke da muhimmanci a yankin da ya sha fama da 'yan bindiga. Dokar 2022 kuma ta mayar da inshora wajibi, ta tanadi asusun marasa galihu. Jihar Katsina ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya.

Sai dai doka a takarda ba ta ɗora ƙashi. Manomi ba shi da albashin wata, kuɗinsa na zuwa ne da kaka. Da za a riƙa karɓar gudummawarsa sau ɗaya bayan girbi, ta hannun ƙungiyoyin manoma da na 'yan acaɓa, da an rage yawan samarin da ke jan ƙafa tun kafin su yi aure.