TAKUNKUMIN HANCI DA NA'URAR NUMFASHI MAI DAIDAITA KANTA

A unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu, inda fatake da direbobin manyan motoci kan kwana su da yawa a ɗaki guda, ba a rasa wanda aka sani da minshari. Galibi abin ba'a ake mai da shi. Amma akwai minsharin da ba na wasa ba ne, watau wanda mai shi kan yi tsit kamar an shaƙe shi, sa'an nan ya zabura da gurnani, ya koma barci bai san abin da ya faru ba. Wannan shi ne ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci. Dalilinsa kuwa, in barci ya yi nauyi sai harshe da naman maƙogwaro su saki, su toshe hanyar iska har daƙiƙa 10 ko fiye. Idan haka ta auku sau 5 zuwa 15 cikin awa guda, likitoci na ɗaukarsa mai sauƙi. In ya wuce sau 30, ya yi tsanani. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya nuna mutum wajen miliyan 936 ne ke da shi a duniya, cikin 'yan shekara 30 zuwa 69. Yana tafiya tare da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ga direban da ya ɗauko shanu ko albasa daga Arewa, ya biyo ta Lakwaja ko Makurɗi, hatsarin ya fi kusa: gyangyaɗi a kan sitiyari.

Maganin da aka fi amincewa da shi wata na'ura ce da ake kira CPAP, wadda ke hura iska ta cikin tiyo zuwa hanci domin ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Wani likita na birnin Sidni a ƙasar Ostareliya, Colin Sullivan, shi ya ƙago ta, ya kuma bayyana sakamakonta a 1981. Ta farko ƙarfin iskarta ɗaya ne daga dare har asuba. Daga baya aka fito da mai daidaita kanta, watau APAP, wadda ke ƙara iska in ta ji maƙogwaro zai rufe, ta rage in hanya ta buɗe. Ma'auninta yakan kama daga 4 zuwa 20, likita ne kuma ke tsayar da iyakar ƙasa da ta sama.

Shiga dabam, dacewa dabam

Tambayar da masu saye suka fi yi ita ce: ko kowane takunkumin hanci zai yi aiki da kowace na'ura? Ta fuskar haɗi, amsar kusan i ce. Bakin tiyo na yawancin na'urori faɗinsa milimita 22 ne, saboda haka takunkumin wani kamfani yakan shiga tiyon wani. Sai dai wasu ƙananan na'urori na matafiya, irin su AirMini ta kamfanin ResMed, waɗanda ke da nasu mahaɗi na musamman.

To, amma shigar tiyo ba ita ce ƙarshen magana ba. Na'ura mai daidaita kanta ba ta da ido. Ta cikin takunkumi take sauraron numfashin mai barci. Idan iska na zurarewa ta gefen hanci, lissafinta ya rikice, sai ta kasa gane lokacin da numfashi ya tsaya, ko kuwa ta ba da iskar da ba ta dace ba. A na'urorin ResMed, alal misali, yoyon da ya wuce lita 24 a minti ana ɗaukarsa ya yi yawa. Wani abin lura shi ne, takunkumin da ya zauna daram a kan 6 yana iya soma yoyo can tsakar dare in na'ura ta hau 14. Don haka wajibi ne a gwada shi a kwance, da ƙarfin iska mai yawa, ba a zaune a shago ba. Ɗaure maɗauri tamau ba ya magance yoyo. Sau da yawa ma ƙara shi yake yi, ya bar gyambo a karan hanci.

Har ila yau, a cikin saitin na'ura akwai wurin da ake zaɓen irin takunkumin da aka sa: na rufe hanci, ko mai 'yan toshe biyu da ke zama a ƙofofin hanci, ko mai haɗe hanci da baki. Kowanne da yadda iska ke ratsa shi. Wanda ya sake takunkumi bai sake saitin ba, ya bar na'urarsa tana lissafi da ma'aunin wani.

Babban hatsari kuwa yana ga 'yan hujojin da ke gaban takunkumi. Ba lalacewa ba ce. Ta nan gurɓatacciyar iskar da mutum ya fitar take fita. Kada a kuskura a liƙe su don suna ƙara ko suna huro sanyi. Akwai kuma takunkuman da aka yi domin injunan numfashi na asibiti, marasa waɗannan hujoji, waɗanda sau da yawa mahaɗinsu shuɗi ne. Suna shiga tiyon sarai, amma mai amfani da su da na'urar gida zai riƙa shaƙar iskar da ya fitar. Takunkumin iskar oksijin ma ba na wannan aiki ba ne.

Wa ya dace da na hanci?

Bincike ya nuna cewa ga yawancin masu ciwon, na hanci ya fi mai haɗe baki: ba ya bukatar iska mai ƙarfi sosai, yoyonsa kaɗan ne, mutane kuma sun fi jure shi. Sharaɗinsa ɗaya, baki ya zauna a rufe. Mai barci baki buɗe, iska za ta shiga ta hanci ta fice ta baki, ya wayi gari maƙogwaro a bushe. Irin wannan sai ya yi amfani da maɗaurin haɓa, ko ya nemi maganin toshewar hanci, in duk ba su yi ba ya koma ga mai haɗe baki. Mai gemu bai da matsala da na hanci, amma gashin baki mai kauri yakan hana robar zama a kan leɓe. Mai 'yan toshe biyu ya fi masa. Akwai kuma mai faɗi domin masu faɗin hanci, kada a karɓi matsattse don shi kaɗai ke shago.

Kayan gwanjo da yanayin Kudu

Kasuwar Anacha ba abin da ba a samu, har da na'urorin gwanjo daga Turai da Amurka. A nan sai a yi hattara. A watan Yuni na 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa, saboda soson da ke rage ƙara a cikinsu yana iya rududdugewa mai barci ya shaƙa, zafi da laima kuma suna gaggauta lalacewar. Duk wanda ya zauna a Fatakwal ya san ba a rasa ko ɗaya daga cikin biyun. Lalle a duba suna da lambar na'ura kafin a biya kuɗi. Takunkumi kuwa ba a sayen wanda wani ya yi amfani da shi, ba a kuma aronsa. Wasu takunkuma suna da maganaɗisu a maɗaurinsu. Philips a 2022 da ResMed a 2023 sun yi gargaɗi cewa yana iya taɓa aikin na'urar da ake dasawa a ƙirji don daidaita bugun zuciya, ko a jikin mai takunkumin ko a jikin wanda ke kwana kusa da shi.

Baƙin hayaƙin da ya addabi Fatakwal tun ƙarshen 2016, da ƙurar hunturu a Inugu, suna saurin toshe matacin iska, sai a riƙa duba shi kowane mako. Robar takunkumi ana wanke ta kullum da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a shanya a inuwa. Man basilin yana lalata ta. In an ɗauke wuta cikin dare, a cire takunkumin har ta dawo. Mai aiki da batir ya sani cewa tukunyar ɗumama ruwa ta na'urar ita ta fi cin wuta.

Ba kowane mai minshari ne wannan na'ura ta dace da shi ba. Mai raunin zuciya, da mai daɗaɗɗen ciwon huhu, da wanda ɗaukewar numfashinsa daga ƙwaƙwalwa take ba daga maƙogwaro ba, suna bukatar wani gwaji dabam. Masu neman shawara sai su tambayi likitan ƙirji, ko na kunne da hanci da maƙogwaro, a asibitin koyarwa na Jami'ar Fatakwal, ko na Jami'ar Nijeriya da ke Ituku-Ozalla kusa da Inugu, ko na Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Nnewi, wanda ba shi da nisa da Anacha. A tafi da na'urar da takunkumin da tiyon gaba ɗaya, domin na'urar tana ajiye lissafin kowane dare: awa nawa aka yi da ita, yawan yoyo, da sau nawa numfashi ya tsaya. Abin da likita ke son gani shi ne ƙasa da sau 5 a awa.