Kujerar Yaro Sa'ad Da Babu Kowa A Kanta

A ƙasar Ingila, tun shekarar 2006, doka ta ce kada a ɗauki yaro a mota sai bisa kujerarsa ta musamman, har ya cika shekara 12 ko tsawonsa ya kai santimita 135. Amma sau da yawa, da an sauke yaro a ƙofar makaranta, sai a ja mota, a bar kujerar nan a baya ba a ɗaure ba.

To, a nan hatsarin yake. Tun 1687 masanin nan Isaac Newton ya bayyana cewa abin da ke cikin tafiya ba ya tsayawa sai wani abu ya tare shi. Idan mota tana gudun mil 30 a awa, watau kujerar ma gudun da take yi ke nan. In aka yi karo motar ta tsaya cak, bel ya riƙe direba, ita kuwa kujera ba ruwanta, gaba za ta wuce. Yadda za ta daki ƙeyarsa daidai yake da a ce daga kan bene mai tsawon ƙafa 30 aka sako masa ita.

Kujerar da aka maƙala a ƙugiyoyin ISOFIX ba ta da wannan aibi. Wadda ba ta da su kuwa, sai a zarga mata bel kamar yaron yana kai, ko a sa ta cikin but. Kaya masu nauyi ma can ne wurinsu, a ƙasa, jingine da bayan kujera. Ko kwalbar ruwa ba a raina ta, gama in ta gangara ƙarƙashin birki, direba ya taka ba ya takuwa.