Wahaya: Abin da Kotu Ta Yanke da Abin da Ya Rage a Hannun Gari

A shekarar 1996, a ƙasar Ƙonni, wani mai hali ya biya jikka 240 ta kuɗin sefa ya karɓi yarinya 'yar shekara 12 mai suna Hadijatu Mani. Ba aure aka ɗaura ba, ciniki aka yi, kuma ta shiga gidan a matsayin wahaya, wadda ake yi wa laƙabi da mace ta biyar. Shekara tara tana aikin gida da na gona, maigidan yana kwana da ita, har ta haihu. A 2005 ya ba ta takardar 'yanci, amma da ta tashi tafiya sai ya ce matarsa ce. Ƙaramar kotun Ƙonni ta ce babu aure a tsakaninsu, kotun da ke samanta ta rushe wannan hukunci, kuma da Hadijatu ta auri wanda take so aka yanke mata ɗaurin wata shida bisa zargin aure kan aure. Sai ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta yanke cewa bauta aka yi mata, cewa hukumomin Nijar sun kasa kare ta, ta kuma umarci gwamnati ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. Abin lura a wannan shari'a shi ne, doka ta riga ta haramta bauta tun kafin a fara ta. Turawan mulkin mallaka sun soke ta a takarda tun 1905, kuma a watan Yunin 2003 Nijar ta saka ta cikin manyan laifuka, da hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Duk da haka alƙali ya ji da kunnensa ana kiran mace baiwa, ya ci gaba da shari'ar kamar rigimar miji da mata ce. Kotun CEDEAO ta kama gwamnati ne a kan wannan shirun.

Shirun alƙalin bai faɗo daga sama ba, daga cikin gari ya fito, kuma nan ne binciken masana zamantakewa yake da amfani ga kowa. A 2012 ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta a Nijar, wadda aka kafa a 1991, tare da Anti-Slavery International ta Ingila, sun fitar da binciken da Galy Kadir Abdelkader da Moussa Zangaou suka yi, inda aka zanta da wahayu 165. Mafi yawansu an sayar da su tun ba su kai shekara 15 ba. Yankin da abin ya fi ƙamari shi ne tsakanin Ƙonni, Illela, Madawa da Buza, hanyar da ta ratsa ta Malbaza, kuma wasu ana ƙetarawa da su iyaka zuwa gidajen masu kuɗi a arewacin Najeriya. Matan sun ba da labari iri ɗaya: su ne daka, su ne ɗebo ruwa, su ne kiwo da wanki da renon 'ya'yan matan gida, ba su da ranar girki, ba su da sadaki, ba su da gado. Wasu an sa musu ƙaton mundaye na tagulla a ƙafa, mai nauyi, wanda duk wanda ya gani a bakin rijiya ya san matsayin mai shi ba sai ya tambaya ba. A nan ya kamata a tsaya a yi tunani. Wannan ƙarfe ba ya hana gudu, tunda da yawa sun gudu sun taru a ƙauyen Zangon Ablo. Aikinsa shi ne ya sanar da jama'a, kuma sanarwa ba ta da amfani sai in jama'a sun yarda da abin da aka sanar. Ma'ana, maigida shi kaɗai ba ya iya riƙe baiwa. Sai da maƙwabcin da zai mayar da ita in ta tsere, da dillalin da ya san gidan da ake nema, da mai unguwar da zai ce a yi haƙuri al'ada ce, da matan gida da suka samu mai ɗauke musu wahala.

Hujjar farko da ake kawowa ita ce ta addini, wai Musulunci ya halatta sa-ɗaka bayan mata huɗu. Wannan magana tana buƙatar amsa daga cikin fiƙihun kansa, domin masu yin ta ba jahilai ba ne duka. Malaman da suka yi bayanin mallakar baiwa sun gindaya sharaɗin yadda aka same ta tun farko, kuma sun haɗu a kan cewa sayar da ɗa mai 'yanci haramun ne, cin kuɗinsa babban zunubi. Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta fatawa a 1615 yana cewa ba a bautar da Musulmin ƙasashe irin su Kano, Katsina, Gobir, Borno da Sanwai, kuma launin fata ba ya mayar da mutum bawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, wato ɗan wannan ƙasa ne, ya bayyana a Wasiƙatu Ahlis Sudan cewa bautar da 'yantattun Musulmi bai halatta ba ko a ina suke zaune. To yarinyar da aka haifa cikin Musulunci, uwarta na salla, kakarta na salla, a ƙasar da hukuma ta soke bauta fiye da shekara ɗari, ta wace ƙofa ta zama abin sayarwa? Ko a ƙa'idar da suke jingina da ita ma, baiwar da ta haifa wa ubangidanta ɗa ba a sayar da ita, tana 'yantuwa da mutuwarsa, ɗanta kuma ɗa ne cikakke mai gado. Abin da bincike ya nuna shi ne 'ya'yan wahaya suna tashi ana yi musu gori, ana ware su, wani lokaci a tauye su ranar rabon gado. Mutumin da ya ɗauki sassaucin hukunci ya jefar da sharuɗɗansa bai bi malamai ba, son ransa ya bi.

Hujja ta biyu ta fi wuyar turewa, domin akwai gaskiya a cikinta. Ana cewa ƙungiyoyi ne ke kambama lamarin don su samu kuɗin Turawa, suna zubar da mutuncin ƙasa. Lallai alƙaluma sun sha bamban ƙwarai: daga binciken Timidria na farkon shekarun 2000 an ambaci mutum dubu 43 da ke cikin bauta a Nijar, an kuma ambaci fiye da dubu 800, kuma tazara irin wannan tana sa mai hankali ya yi taka-tsantsan. Haka nan a 2005 bikin da aka shirya na 'yanta mutum dubu 7 a Inates ya wargaje, har aka tsare shugaban ƙungiyar na lokacin, Ilguilas Weila. Sai dai gardamar yawa ba ta shafe samuwa. Hadijatu ba ƙididdiga ba ce, shari'arta tana rubuce. A 2014 kotu a Birnin Ƙonni, alƙalan Nijar a ƙasar Nijar, ta ɗaure wani dattijo ɗan shekara 63 shekara huɗu saboda riƙe wahaya, kuma a 2019 babbar kotun ƙasar ta tabbatar da cewa wannan al'ada ba ta da gurbi a doka. Game da mutunci kuwa, wanda ya sayi yarinya shi ya zubar da shi, tun kafin mai bincike ya iso da alƙalaminsa.

Akwai kuma masu cewa wannan harkar Abzinawa ce da bayinsu, Bahaushe ba ruwansa. Gaskiya ne yawancin 'yan matan daga zuriyar da ake kira Buzaye ake fito da su, kuma iyayengijin iyayensu ne ke karɓar kuɗin. Amma kasuwa ba ta ci da mai sayarwa kaɗai, kuma masu saye da yawa attajirai ne da masu sarauta da ke magana da Hausa, a wannan gefen iyaka da wancan. Bayan haka, rabe mutane gida biyu, wannan Bahaushe wancan Buzu, bai dace da tarihin yankin Adar ba. Benedetta Rossi, wadda ta daɗe tana bincike a yankin ta kuma wallafa littafi a kansa a 2015, ta nuna yadda jikokin bayi suka riƙa fita daga ƙangi ta hanyar tafiya cin rani, da kama sana'a, da komawa magana da Hausa, har wasu suka narke cikin Hausawa. Wannan ya nuna asali abu ne da ke sauyawa da zamani da wurin zama, ba tambari ne da aka buga a jini ba. Ya kuma nuna wani abu mai ɗaci: hanyar da ta fi buɗewa ita ce ta ɓoye kai. Namiji yana iya tafiya Legas ko Abijan ya dawo da jari da sabon suna. Mace da goyo, wadda ba ta da takardar haihuwa, ba ta yi lakkol ba, ba ta san dangin uwarta ba, ina za ta? Shi ya sa bautar da ta rage ta fi nauyi a kan mata.

Saboda haka 'yanci na takarda rabin aiki ne. Matar da ta fita daga gidan ubangida tana buƙatar gonar da ba za a ce ta kakan wani ba ce, da mijin da danginsa ba za su fasa ba ranar da aka je binciken asali, da makarantar da ɗanta zai zauna ba a kira shi ɗan baiwa ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan kotu ba ta bayarwa. Ana yanke su ne a zaure, da wurin neman aure, da fadar hakimi lokacin rabon fili, da sahun masallaci lokacin da ake zaɓen wanda zai ja salla. Iyalin da ba su taɓa sayen kowa ba amma suka hana ɗansu auren yarinya don an ce kakarta baiwa ce, suna ƙarfafa ma'aunin da dillali ke sa farashi da shi. Wannan magana ba ta da daɗin ji, domin ta shafi gidaje masu yawa da ke ganin hannunsu a wanke yake.

Mai karatu ya san abin da doka ta tanada. Laifin bai tsaya kan mai saye ba, ya haɗa da mai sayarwa da wanda ya shiga tsakani, kuma dokar fataucin mutane ta 2010 ta ƙara rufe ƙofar ƙetarawa da yara. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: yarinya ƙarama ta bayyana a gida ba biki ba waliyyi, ba ta zuwa ganin gida, kuɗin da aka bayar ya tafi hannun wanda ba ubanta ba, ana kiranta da sunan da ba a kiran matan gida da shi. Wanda ya ga haka yana iya kai magana ga jandarma ko mai gabatar da ƙara, kuma dokar 2003 ta ba ƙungiyoyin yaƙi da bauta damar shigar da ƙara da kansu, don kada nauyin ya faɗa kan yarinyar da ba ta san hanyar kotu ba. Wannan ya ƙara muhimmanci yanzu, domin tun ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fice daga CEDEAO, kuma kotun da Hadijatu ta kai kukanta ba ta nan a matsayin mafaka ta ƙarshe kamar da. Ƙarar da za a shigar nan gaba a kotunan Ƙonni, Illela da Tawa za ta fara, kuma alƙali ba ya ɗaure kowa sai an samu maƙwabcin da ya yarda ya tsaya shaida.