Ƙwaron da ke huda taba a ajiya: a kashe shi da rana, ba da guba ba

Duk damina sai mun ji kukan masu ajiye ganyen taba, daga ƴan kasuwar Dole a nan Damagaram har tsofaffin ƙauye masu haɗa garin taba da kanwa: an buɗe buhu, ganye duk huji kamar an bi shi da allura, ƙasan buhun kuma sai ƙura.

Mai ɓarnar wani ɗan ƙwaro ne ja-ja, bai wuce milimita 3 ba, yakan tashi da magariba. To amma wanda kuke gani yana tashi ya riga ya ci ya ƙoshi tun yana tsutsa. Macen tana zuba ƙwai kusan 100 a jikin ganye, cikin kwana 6 zuwa 10 su ƙyanƙyashe, fararen tsutsotsi su yi ta ci. In akwai zafi da laima, kafin wata biyu an samu sabon zubi. Kuma bai tsaya kan taba ba, busasshen barkono da citta da kifi duk abincinsa ne.

Ko a Turai da Amurka, masu tara manyan sigarin Kuba masu tsada suna fama da shi. Su sukan ƙulle sigarin cikin leda, su sa a firiza kwana 3 zuwa 4. Mu a ƙauye ina kuran? Rana ce tamu. A shimfiɗa baƙar leda, a baza ganyen kada ya yi tudu, a rufe da farar leda a danne bakinta, daga hantsi zuwa la'asar. Zafin da ya kai digiri 60 yana kashe ƙwai da tsutsa gaba ɗaya. Ganyen zai bushe ƙayau, sai a bar shi ya huce a inuwa kafin a kwashe, kada ya farfashe.

Daga nan sai buhu mai ninki uku, irin na PICS da muke zuba wake, ko bidon mai murfi gam. A share ɗaki, a ƙona tsohon buhu. Ƴan'uwa da ke Kano ko Libiya, in za ku aiko wa tsoho kuɗi, ku ce a saya masa wannan buhun.

Abin da muke roƙo shi ne kada a jefa ƙwayar maganin ƙwari a cikin taba, ko a barbaɗa mata hoda. Iskar ƙwayar nan tana kashe mutum in ya kwana ɗaki ɗaya da buhun, hodar kuma tana manne a ganyen da gobe za a sa a baki.